Damargu: wa zai tsawata wa wanda aka ɗauke wa alƙalami?

Daga Tanut zuwa Belbeji, da wuya a sami kasuwa, ko masallaci, ko fadar samari da ba ta da nata mai taɓin hankali. Mai shiru a cikinsu ba ya hana kowa barci. Mai zagi ne ya zame wa jama'a ƙarfen ƙafa: shari'a ta yafe masa, doka ta sallame shi, amma wanda aka ci wa mutunci a bainar jama'a yana nan tsaye yana jiran a ce wani abu.

Ranar kasuwa a Bakin Birji, ko a Gangara, ko a Belbeji, akan ji muryarsa tun ba a gan shi ba. Yakan faro daga tashar mota, ya ratsa rumfunan masu awon hatsi, ya ɓulla wajen dillalan dabbobi, bakinsa bai huta ba. Baƙon da ya zo cin kasuwa yakan tsaya ya saki baki. Ɗan gari kuwa ko kai ba ya ɗagawa daga tiyarsa, iyaka ya ce wa baƙon ya ƙyale shi, ba shi da lafiya. Haka ake tafiya mako da makonni, muddin zagin na iska ne, bai sauka a kan kowa ba. Ranar da ya tsaya gaban wata rumfa, ya kira sunan mai ita da na mahaifiyarsa, ya jefe shi da sata ko ya tono masa asali, ranar ce kasuwa kan yi tsit, kowa ya zuba ido ya ga abin da mai rumfa zai yi. In ya yi shiru, maganar ta zauna a kunnuwan mutane. In ya tashi da sanda, gobe a ce ya daki mahaukaci.

Damargu ƙasa ce ta mahaɗa. Tanut, babban garinta, yana bisa hanyar da ta tashi daga Damagaram zuwa Agadas, kimanin kilomita 150 arewa da birnin Zinder. Belbeji, can yamma a ƙasar Tarka, ta zama gunduma ta kanta a shekarar 2011, bayan ta daɗe a ƙarƙashin Tanut. Ƙidayar 2012 ta sami mutum fiye da dubu 400 a gundumar Tanut, da kusan dubu 100 a ta Belbeji. Barebarin Dagira, Hausawa, Abzinawa, Fulani, duk rijiya ɗaya suke sha, Hausa ce kuma harshen ciniki. A wuri irin wannan zagi yana da nauyin da ba shi da shi a babban birni, domin kowa ya san kakan kowa. Kalmar bawa, alal misali, ba ta mutu ba: sai a 2003 dokar Nijar ta sa bauta cikin manyan laifuffuka, kuma har yau akwai auren da kan mutu tun ba a ɗaura ba saboda an ɗaga maganar asali. Mai taɓin hankali da ya furta wannan kalma a tsakar kasuwa bai san nauyinta ba a lokacin, amma masu saurare sun sani.

Jama'ar wannan ƙasa ta saba da zagi mai izini. Bafillace da Babarbare sukan haɗu a bakin rijiya su yi wa juna wankin babban bargo, a rabu ana dariya, saboda taubasantaka. Wasan nan ne UNESCO ta sa cikin kayan gadon duniya a 2014 da sunan Nijar. Jika yana tsokanar kaka, maroƙi yana yi wa marowaci zambo. Sai dai kowanne yana da iyakar da aka sani, kuma in an wuce gona da iri akwai mai cewa ya isa. Zagin mai taɓin hankali shi kaɗai aka yarda da shi ba tare da an san inda zai tsaya ba.

Ba duka aka taru aka zama ɗaya ba

Bahaushe bai haɗa su a kwando ɗaya ba. Akwai mahaukaci tuburan, mai yawo da tsumma yana kwana a bola. Akwai taɓaɓɓe, wanda ke noma gonarsa yana sallarsa, amma in abin ya motsa sai a ga kamar an sauya shi. Akwai zautacce, da wanda aka ce iska ta buge shi, da tsohon da gigin tsufa ya kama, da matar da ta rikice a cikin jego. A shekarun baya-bayan nan an sami ƙari, wato ɗan ƙwaya. Kowanne da irin uzurin da ake yi masa. Tsohuwa mai gigi tana iya zagin limami a yi murmushi. Saurayin da aka san yana shan tiramol, in ya faɗi rabin abin da ta faɗa, sai ya sha kashi, ko da kuwa ƙwayar ta riga ta taɓa masa ƙwaƙwalwa har ya fi tsohuwar buƙatar likita.

Likitocin ƙwaƙwalwa suna da nasu rabon, kuma shi ke bayyana daga ina zagin yake fitowa. Mai ciwon da ake kira sikizofireniya yakan ji muryoyi suna zaginsa, ko ya tabbata a ransa cewa wane ne ya yi masa sammu, wance ce ke zuba masa guba a fura. Abin da jama'a ke ji a matsayin zagi, a wurinsa ramuwa ce da kare kai. A 2022 hukumar lafiya ta duniya, OMS, ta ƙiyasta cewa mutum 1 cikin 300 ke da wannan ciwo. In aka auna Damargu da wannan mudu, ko an fitar da ƙananan yara daga lissafi, ana maganar ɗaruruwan mutane ne. Akwai kuma ciwon da ke zuwa zango-zango: mutum ya yi kwana da kwanaki ba barci, ya cika da surutu da alfahari da kyauta ba kan gado, kunya ta fita daga idonsa, ya faɗa wa surukinsa abin da ko a mafarki ba zai faɗa ba, bayan wata ɗaya ko biyu ya dawo hayyacinsa, ya shiga ɗaki ya kasa fita. Sanƙarau, wanda ya yi ɓarna a Nijar a 1995 da 1996, yakan bar wasu da ƙwaƙwalwa mai tabo, haka zazzaɓin cizon sauro in ya hau kai, haka faɗuwa daga babur.

Tiramol kuwa maganin ciwon jiki ne a asali, likita kan ba da miligiram 50 ko 100. Wanda ke yawo a farantin ƴan talla yakan kai 200 har 225. Samari sun san shi a gonar ƙwadago, da hanyar Libiya, da ramukan zinariya na Jado da Cibarakaten da aka gano a 2014, inda ake shan sa don a jure wa gajiya da yunwa. Yaƙin Libiya na 2011 ya koro dubban ƴan Nijar gida hannu Rabbana, Tanut na cikin gundumomin da suka karɓi masu yawa. Wani ya dawo da abin da ya gani a hamada ko a gidan kaso na can, bai taɓa faɗa wa kowa ba, sai dai a ga ya zama mai saurin hannu da baki.

Abin da ya fi ciwo shi ne zagin ba kasafai yake sauka a kan bare ba. Uwa ce, mata ce, maƙwabci ne, malamin da ya yi masa rubutu ne. Kuma a cikin zarge-zargen akwai guda da ke iya rushe gida, wato maita. In marar lafiya ya dinga kiran sunan wata tsohuwa yana cewa ita ta kama masa kurwa, ba kowa ke ɗaukar maganar a matsayin alamar ciwo ba. Da yawa sukan ce ai mai ciwo shi ya san wanda ya gani. Sai a wayi gari an daina sayen ƙuli-ƙulinta, an hana yara shiga gidanta, ƴaƴanta mata sun rasa manema.

Abin da littafi ya ce

Malaman Damargu, kamar na sauran ƙasar Hausa, Malikawa ne, da Risala da Muhtasar suka tashi. Hukuncin a wurinsu a fili yake: wanda hankalinsa ya gushe ba mukallafi ba ne, an ɗauke masa alƙalami. Ba a yi masa haddin ƙazafi, sakinsa ba ya aukuwa, cinikinsa ba ya ƙulluwa, kalmar kafirci a bakinsa ba ta fitar da shi daga addini. Amma fiƙihu bai manta da wanda aka cuta ba: abin da ya ɓata na dukiyar mutane ana biya, in kuma ya yi kisa ana ɗaukarsa kisan kuskure, diyya ta hau kan danginsa. Mijin da ya haukace ana ba shi shekara guda ta neman magani, in bai warke ba matarsa tana da zaɓi.

Akwai wuri ɗaya a cikin Ashafa na Alƙali Iyal, malamin Sabta da ya rasu a 1149, littafin da ake karantawa da azumi a ƙasar Hausa, wanda ya taɓo ainihin matsalar. Da yake magana a kan mai taɓin hankali da ya furta kalmar saɓo ga Ubangiji, ya raba hali biyu: abin da ya faɗa lokacin da hankalinsa ya gushe gaba ɗaya, ba a duba shi sam, abin da ya faɗa kuwa yana da sauran tantancewa, ko da ba a ɗora masa hukuncin mai hankali ba, ana tsawata masa don ya bari. Wato tun ƙarni na 12 malamai sun gane cewa tsakanin cikakken hankali da rashinsa akwai fili mai faɗi, kuma a cikin filin nan yawancin masu ciwon suke zaune. Sai dai wannan tantancewa aikin alƙali ne, a zaune, da shaidu. Taron da ya fusata ba ya tantance komai. Wanda ya ga abin da ya faru a Zinder ranar 16 ga Janairu 2015, sa'ad da zanga-zangar nuna fushi kan zanen wata jaridar Faransa ta ƙare da ƙone-ƙone da asarar rayuka, ya san saurin da wuta ke kamawa in an taɓa addini. Iyalin da ke da ɗa mai sakin baki sun fi kowa sanin haka, shi ya sa wasunsu ba sa barinsa ya kusanci masallaci ranar Juma'a.

Dokar bariki ma a nan ta tsaya. Kundin hukunta laifuffuka da Nijar ta kafa a 1961 ya gaji ƙa'idar da ke cikin aya ta 64 ta kundin Faransa na 1810, cewa babu laifi a kan wanda ya aikata abu yana cikin hauka. Saboda haka in an kai ƙara wurin jandarma, abin da kan faru shi ne a tsare mutumin har gari ya huce, a kira danginsa a danƙa musu shi da gargaɗi. Littafin malam da na alƙalin bariki duka sun faɗi abin da ba za a yi wa mai ciwon ba. Abin da za a yi da shi gobe da safe, sa'ad da ya sake fitowa ƙofar masallaci, an bar wa unguwa.

Daga kawar da kai zuwa turu

Unguwa kuwa tana da dabarunta, waɗanda ba a rubuta ba. Akwai kawar da kai, kuma ba ƙaramar hikima ba ce, domin zagin da bai sami mai amsawa ba yakan mutu da wuri. Akwai neman mutumin da yake jin maganarsa. Kusan kowane mai taɓin hankali yana da irin wannan mutum guda: wani abokin ƙuruciya, ko gwaggo, ko mai shayin bakin tasha da ke ba shi kofi kyauta, wanda in ya dafa kafaɗarsa ya kira shi da sunansa na yanka sai a ga ya sauko. Wanda aka ba sharar masallaci, ko jan ruwa ga mai tuwo, yana da wurin zama a gari, kuma mai wurin zama bai cika yin faɗa da gari ba. Dattawa sun daɗe da lura cewa da yawa daga zagin da ake kuka da shi yara ne ke tono shi: su bi mutum da waƙa da jifa, su kira shi da sunan da ya ƙi, har ya juyo ya zagi iyayensu, sannan iyayen su fito da sanda. Mai unguwar da ya iya hana yara ya rage wa kansa shari'a mai yawa.

Fadojin samari, waɗanda suka yaɗu a jahar Damagaram tun farkon shekarun 1990, bayan samariya ta zamanin Kunce ta mutu kuma aikin yi ya yi wuya, su suka fi fuskantar tambayar kai tsaye, domin fada tana da suna, da shugaba, da asusu, da doka: wanda ya yi ashar ya biya tara, wanda ya maimaita a dakatar da shi, wanda ya ƙi ji a kore shi. To in mai ashar ɗin ɗan fada ne tun kafuwarta, da shi aka sayi butar shayi, ciwo ne ya same shi daga baya fa? In an ci shi tara, an hukunta ciwo. In an ƙyale shi, gobe wani lafiyayye zai yi nasa ashar ya ce ai an ƙyale wane, masu kunya su janye ɗaya bayan ɗaya, ƴanmatan da ke wucewa su sauya hanya, mai gidan da ake zama a ƙofarsa ya ce a tashi. In an kore shi, an yanke igiya ta ƙarshe da ke riƙe da shi, domin saurayin da fada ta kora tasha yake tafiya, wurin masu sayar da abin da ya ƙara masa ciwo.

Ga kuma wanda ya gane cewa sunan ciwo garkuwa ne. Hausawa sun ce tabarmar kunya da hauka ake naɗe ta, kuma akwai masu naɗe ta haka da gangan. Mutum na iya zama yana da ciwo na gaske, yana kuma da mugun hali na gaske, ciwon bai kawo halin ba, bai kuma kore shi ba. Abokan zama sukan gane bambancin fiye da yadda ake zato: sun san idonsa in abin ya taso, sun san ya kwana uku bai runtsa ba, sun kuma san ranar da lafiyarsa ƙalau ya zaɓi wanda ya raina ya zaga, ya tsallake mai ƙarfi. Fadar da ta ce wa irin wannan ya tashi yau, ya dawo jibi in ya huce, ba ta zalunce shi ba. Ta ɗauke shi mutum ne da ake iya yi wa magana. Rainin da ya fi wannan shi ne a ce duk abin da ya fito daga bakinsa iska ne, har ranar da ya faɗi gaskiya, ya ce ana dukansa a gida ko an cinye masa gado, a yi dariya.

In abin ya wuce baki, ya kai ga fasa kai, ko sakin dabbobin mutane, ko wasa da wuta kusa da rumbu, sai a tafi gaban mai gari, daga nan zuwa fadar sarki, a Tanut ko Gangara ko Olelewa ko Tarka, ko wurin shugaban rukunin makiyaya. Doka ta ba sarakunan gargajiya ikon sasantawa, tun ta 1993 har wadda ta gaje ta a 2015. Sasantawar kusan kullum a wuri ɗaya take ƙarewa: dangi su biya, su kuma yi alkawarin tsare nasu. Daga wannan alkawari turu ke fitowa. Gidan da ya sayar da awaki bara don biyan ɓarna, ga damina ta kama, kowa zai tafi gona, babu mai zama gadi, ga rijiya mai zurfi a bayan gari, ba mugunta ce ke kai su wurin maƙeri ba. Ana sa ƙafa a gungume, ko a ɗaura mari a turken da ke bayan ɗaki, da niyyar mako guda. Sai dai wanda aka ɗaure ƙara zagi yake yi, ƙaruwar kuma ta zama hujjar ƙin kwance shi. Mako ya zama shekara, ƙafa ta shanye, gyambo ya kama idon sawu. Gari ya huta, ba wanda ya sake tambaya.

Masu ɗan hali sukan kai nasu gidan malam, wani lokaci har ƙetaren iyaka. A cikin malaman akwai masu tsoron Allah da ke yin rubutu da ruƙiyya, su kuma ce a je likita. Akwai kuma abin da duniya ta gani a watan Satumba 2019, lokacin da ƴan sandan Najeriya suka buɗe wani gida a unguwar Rigasa ta Kaduna suka fito da mutum fiye da 300, manya da yara, da yawa da sarƙa a ƙafa da tabon bulala a baya. A watan da ya biyo aka buɗe irinsa a Daura, wadda ba ta da nisa da iyakar jahar Damagaram. Iyaye ne suka kai yawancinsu da hannunsu, don a gyara musu hali. A 2020 ƙungiyar Human Rights Watch ta ba da rahoton cewa ta sami shaidar ɗaure masu taɓin hankali a ƙasashe 60.

Magani da araha, hanya da tsada

Abin takaici shi ne maganin da ke kwantar da irin wannan ciwo ya daɗe, kuma ba shi da tsada. A 1952 likitoci biyu na asibitin Sainte-Anne a Paris, Jean Delay da Pierre Deniker, suka nuna amfanin ƙwayar da ma'aikatan lafiya suka sani da Largactil. Haldol ya biyo baya daga Beljik a 1958. Akwai ma allurar da ake yi sau ɗaya a wata. Ga da yawa cikin masu ciwon, a makonni kaɗan muryoyin kan ragu, barci ya dawo, bakin ya lafa. Wahalar tana hanya. Sashen kwantar da masu taɓin hankali mafi kusa yana babban asibitin ƙasa na Zinder. Na Yamai, wanda kowa ya sani da Pavillon E har sunan ya zama abin zolaya, yana da nisan kusan kilomita 900 daga can. Ƙwararrun likitocin fannin ƙalilan ne, akasarinsu kuma a babban birni. Mutumin wani ƙauyen Tarka da zai kai ɗan uwansa Zinder sai ya nemi ƙarti biyu masu riƙe shi, ya roƙi direban da zai yarda ya ɗauki mai zagin fasinja, ya biya kujera huɗu zuwa da dawowa, ya ciyar da kowa a birni, sannan ya sayi ordonas.

Tun bayan faɗuwar darajar sefa a Janairu 1994 da dokar biyan kuɗin magani ta 1995, marar lafiya ke ɗaukar nauyin kansa. Kyautar da gwamnati ta yi daga baya ta shafi yara ƴan ƙasa da shekara 5 da mata masu ciki, ba ta kai ga wannan ciwo ba. Ciwo ne kuma na dogon zango. Sai a sha wata biyu, a ga sauƙi, kuɗi su ƙare ko farmasi ta ce babu, kamar yadda aka sha fama lokacin takunkumin da ya biyo juyin mulkin Yuli 2023. Wani kuma da kansa yake bari, domin ƙwayar tana sa jiki ya sandare, hannu ya yi rawa, yawu ya zuba, ya kasa riƙe hauya, ba wanda ya gaya masa ana iya rage awo ko a haɗa masa da mai kashe wannan lahani. Bayan wata uku ya koma kasuwa da zaginsa, jama'a su ce ai dama an faɗa, hauka ba ya warkewa sai dai rangwame, alhali magani ne ya yanke.

Afirka ta Yamma ba baƙuwa ba ce a wannan fage. A 1954 likita Thomas Adeoye Lambo ya fara zaunar da marasa lafiya a ƙauyukan da ke kewaye da asibitin Aro na Abekuta, kowanne tare da wani danginsa, a gidajen talakawa, suna zuwa asibiti da rana. A asibitin Fann na Dakar, Henri Collomb, wanda ya kama aiki can a 1959, ya mai da taron dandali na ƙauyen Wolof, wanda ake kira penc, wani sashe na magani: marasa lafiya da dangi da ma'aikata su zauna da'ira, kowa ya yi magana, mai ciwo ma a saurare shi, in ya wuce iyaka taro ya dawo da shi. A Buwake ta Kodibuwa, Grégoire Ahongbonon, mai gyaran taya ɗan Benin, ya shiga kwance sarƙoƙi tun shekarun 1990, kuma da yawa daga masu jinya a cibiyoyin ƙungiyarsa ta Saint-Camille tsofaffin marasa lafiya ne. Tun 2008 kuma OMS ke da shirin koya wa ma'aikatan ƙananan asibitoci gane waɗannan cututtuka da ba da magungunansu, ba sai an jira ƙwararre ba.

Babu ɗaya cikin waɗannan da ya fi ƙarfin Damargu. Gidajen likita na CSI suna nan a manyan ƙauyuka, makarantar ENSP ta Zinder tana yaye ma'aikatan jinya, kasuwa kuma tana tara mutanen daji sau ɗaya a mako ko ba a kira su ba. Manjon da ya sami horo da kwalin allura zai iya ganin marasa lafiyarsa ranar kasuwa, ya rubuta wanda bai zo ba ya aika a tambaya. Abin da ya rage na zaman tare ne, kuma a nan sarki da limami sun fi likita iko. Da sasantawa a fada za ta riƙa ƙarewa da alkawarin kai mutum likita, da sunan wanda zai raka shi, da maƙera sun rage ƙera mari. Wanda aka zaga ma yana da haƙƙi da ake yawan mantawa. Dukan mai ciwo ba ya wanke shi. Abin da ke wanke shi shi ne wani mai faɗa a ji ya tashi a wurin da aka yi zagin, gaban mutanen da suka ji, ya ce maganar nan ciwo ne, wance ba mayya ba ce, wane ba ɓarawo ba ne. Tsohuwar da limami ya wanke bayan sallar Juma'a tana iya komawa ga tallarta. Wadda aka ce ta yi haƙuri kawai, a cikin zaure, ba mai ji, ita ta biya kuɗin zaman lafiyar gari.

Saura ranar dawowa, wadda ba a cika shirya mata ba. Mutum ya yi wata uku yana shan magani, ya yi aski, ya sa riga wankakkiya, ya tunkaro inuwar da ya saba zama. Sau da yawa yana tuna abin da ya faɗa, kalma kalma, da fuskar wanda ya faɗa wa. Waɗanda ke zaune su ma suna tune. Yara har yanzu da tsohon sunan suke kiransa, gidan da ya nemi aure sun ba wani, gonarsa tana hannun ƙanensa da ya noma ta shekara biyu ya saba. Ya yi sallama, a amsa, a ɗan muskuta a ba shi gefen tabarma. Mai dafa shayi ya zuba na farko, mai ɗaci, wanda bisa al'ada ake fara miƙa wa manya da baƙi, ya tsaya da kofin a hannu yana duban shugaban fada.